Sifikun situdiyona suna ƙugi, an ce in cire wayar atin: in cire?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da ɗan ƙaramin situdiyo a shago a Kano: kwamfutar tebur, saun kad, sifika biyu masu fulogin kansu, fiyano da ƙaramar miksa. Da na kunna kaya sai wani ƙugi ya tashi, "huuum", ko ba a kiɗa komai, har yana shiga cikin waƙar da na ɗauka. Na canza wayoyi bai daina ba. Mai wayarin ɗinmu ya kwance wayar atin daga cikin fulogin sifika ɗaya, sai ƙugin ya ragu sosai. In sa ya kwance na sauran? Kuma me ya sa abin ya fi tsanani idan muna kan janareta?

Amsa: Wa alaikumus salam. Malam, kada ka bari a kwance ko guda, wadda aka riga aka kwance kuma a mayar da ita kafin wani ya sake riƙe maik a ɗakin nan. Ƙugin naka yana da magani, kuma mai yiwuwa maganin bai kai kuɗin waya biyu ba, amma wannan da aka yi maka gyaran gangar Auzinawa ne.

Bari in fara da dalilin tsawatarwar. Wutar da ke shigowa soket ɗinka bolt 230 ce. Sifika mai amfilifaya a ciki, da kwamfutar tebur, da yawancin miksoci, jikinsu ƙarfe ne, kuma wayar atin tana ɗaure da wannan ƙarfen. Ranar da wata waya mai wuta ta goge ta taɓa jikin na'urar, atin ce za ta kwashe wutar da ƙarfin da zai sa fis ya ƙone ko bireka ta faɗi. In babu ita, jikin sifikar zai ɗauki wuta ya yi shiru abinsa, wutar ta bi rigar wayar sauti ta shiga saun kad, ta shiga miksa, ta isa jikin maik ɗin da mawaƙi ke kai wa baki. Ba a buƙatar wuta mai yawa kafin zuciya ta rikice. Shi ya sa na'urar kare rai da ake sawa a akwatin rabon wuta take katsewa a miliamfiya 30 kacal. A 1972 wani makaɗin gita ɗan Sikotland, Les Harvey, ya mutu a kan dandamali a garin Swansea gaban 'yan kallo, bayan ya taɓa maik ɗin da ba shi da atin. Saboda haka wannan ƙofar a rufe take.

Amma mai wayarin ɗinka ya yi maka amfani guda ba tare da ya sani ba. Raguwar da ƙugin ya yi da aka kwance atin ta nuna cewa ciwon naka shi ne abin da injiniyoyi ke kira girawun luf, wato zagayen atin. Ga yadda yake faruwa. Sifikarka tana haɗe da atin ta fuloginta. Kwamfutarka ma tana haɗe da atin ta nata fulogin. Sai ka zo ka haɗa su biyun da wayar sauti, wadda ita ma tana da riga ta siraran wayoyi da aka saƙa kewaye da ita, kuma rigar tana taɓa jikin na'urorin biyu. To yanzu hanya biyu ce tsakaninsu, ta bango da ta wayar sauti, zobe ya rufe ke nan. Atin ɗin soket biyu ba ya taɓa zama daidai wa daida. Kullum akwai ɗan bambanci na 'yan milibolt, wani daga maganaɗisun wayoyin wuta da ke tafiya kusa da wayar atin cikin bututu ɗaya, wani daga 'yar wutar da kowace na'ura ke zubarwa a atin ta matatar da ke bakin fawa ɗinta, wato sashen da ke karɓar wutar bango. Wannan ɗan bambancin shi ke tura wuta ta zagaya zoben. Wuta kamar ruwan sama take a lungu, duk inda ta samu gangare nan za ta bi, ba ruwanta da cewa kai don sauti ka ja wayar.

Abin da ke mayar da wannan wutar ƙugi shi ne irin wayar da ka yi amfani da ita. A waya marar balans, irin jak mai zobe baƙi ɗaya ko RCA, rigar ita ce kuma hanyar dawowar sautin. Duk abin da ya bi ta cikinta yana haɗuwa da waƙarka kai tsaye. Yi lissafin da kanka: miliamfiya 10 a rigar da ke da turjiyar om 0.1 zai ba ka milibolt 1. Sautin ƙananan na'urori na gida yana kusan milibolt 316. Ƙugin yana ƙasa da waƙar da desibel 50 ke nan. A takarda kamar ba komai, amma da mawaƙi ya yi shiru tsakanin baiti da baiti za ka ji shi ɓaro-ɓaro, kwamfuresa kuma, wato abin da ke daidaita ƙarfin sauti a waƙa, sai ta ƙara ɗago shi.

Kafin ka sayi komai, saurari ƙarar tukuna, don ba kowace ƙara ce zagayen atin ba, kuma mutane da yawa sun yi asarar kuɗi a nan. Ɗauki shirun ɗakin na ɗan lokaci, ka buɗe shi a ma'aunin da ke nuna zangon sauti. Cubase da FL Studio suna da shi, Audacity ma yana da shi kyauta. Wutarmu a Najeriya da Nijar da Gana tana kaɗawa sau 50 a daƙiƙa, don haka za ka ga tsini a 50 Hz da 'ya'yansa a 100, 150, 250 har sama. Idan kana kallon bidiyon 'yan Amurka za ka ji suna ta cewa 60, tasu wutar ce haka, kada ka kwafi lambarsu. Idan tsinin 100 ne ya yi zarra, 50 kuwa kusan babu, kuma ƙugin yana nan ko ka zare duk wayoyin sauti daga sifikar, to kafasitocin fawa ɗin sifikar ne suka gaji, wurin mai gyara za ta. Idan "shiii" ce mai laushi, gen, wato ƙarfin shigar sauti, ka ɗaga da yawa, ko firi-amf ɗin da ke fara ƙara wa maik ƙarfi ne mai hayaniya. Idan "dit-dit-dit" ce da ke zuwa ta wuce, wayar hannun wani ce a kusa. Idan kuwa tsiwa ce siririya da ke canzawa duk lokacin da ka motsa linzami ko ka ja shafi a allo, wannan ma zagayen atin ne, sai dai dattin cikin kwamfuta yake ɗaukowa maimakon na bango. Gita kuma da ke ƙugi idan mai ita ya fuskanci gabas, ta yi shiru idan ya juya kudu, maganaɗisu take tsinta daga iska, daga taransifoma ko sitabilaiza ko ragulatar fanka.

Wani abu da ake yawan mantawa: kada ka gwada waƙarka da sifikar wayar hannu ka ce ƙugi ya tafi. Ba ta iya fitar da 50 Hz sam. Ƙananan sifikun situdiyo masu inci biyar ma a daidai nan suke fara gajiya. Ranar da mai DJ ya ɗora waƙar a manyan sifikun gidan biki, ranar ce za ka ji abin da ka sayar wa mutane. Da hedifon mai kyau ake wannan gwajin.

Yanzu sai farautar zoben, kuma a nan nake so ka yi haƙuri ka bi ni a hankali, don wannan shi ne aikin gaba ɗaya. Kashe komai, zare duk wayoyin sauti da na USB, ka bar sifika ɗaya a wuta ita kaɗai. Kunna ta ka saurara. In shiru ne, kashe ta, haɗa ta da saun kad, ka sake kunnawa. Daga nan haɗa saun kad da kwamfuta. Sai sifika ta biyu. Sai miksa. Sai wayar sautin fiyano. Sai USB ɗin fiyano, ita kaɗai, a matakin kanta. Abu ɗaya a kowane karo, kana kashe sifika kafin ka soka ko ka zare, kuma kada ka taɓa bolum tun daga farko har ƙarshe, in ba haka ba kunnenka zai yaudare ka. Wayar da ka soka ƙugi ya tashi, ita ce ta rufe zoben. Ka lura, ba lallai ba ne ita ce mai laifi, ita dai ta kammala da'irar, amma yanzu ka san na'urori biyun da rigimar ke tsakaninsu. Kada ka manta da abubuwan da ba ka ɗauke su kayan sauti ba: allon kwamfuta mai fulogi uku, firinta, da talabijin ɗin da aka jona da HDMI alhali tana haɗe da dikoda da wayar dish. Wayar dish ta sha jawo wannan masifa, don tana zuwa da nata atin daga waje.

Akwai gajeren gwaji da ke taimakawa a tsakiyar wannan. Idan ka rage bolum ɗin wata na'ura ƙugin ya ragu tare da shi, to tun kafin sauti ya iso wannan bolum ɗin yake shigowa. Idan ka mayar da shi sifili ƙugin bai ko motsa ba, ta bayansa yake shigowa, galibi a wayar da ta fita daga na'urar zuwa ta gaba. Mai laftof kuma ya zare caja ya bar ta a kan batir; in ƙara ta ɗauke nan take, an gano bakin zaren.

Maganin farko ba ya cin kuɗi: duk kayan sauti, har da kwamfuta da allonta, su sha wuta daga soket ɗaya ta ekstenshin guda mai kyau. Wannan yana gajarta hanyar atin tsakaninsu, bambancin ya ragu ƙwarai. Kayan ɗaki irin naka duka ba su kai dutsen guga ɗaya cin wuta ba, soket mai amfiya 13 zai ɗauke su hankali kwance. AC da firij da hita dai su nemi wani layin. Sai dai ka gwada ekstenshin ɗin da mita. Da yawa daga cikin masu arhar da ke kasuwa suna da rami uku a fuska amma waya biyu ce a ciki. A zare shi daga bango, a sa mita a kan doguwar ƙafar fulogi da ramin atin na kowane gurbi, ya kamata ta nuna ƙasa da om 1. Soket ɗin bangon ma a sa ƙwararre ya buɗe ya duba. Akan tarar ba a ja atin zuwa wurin ba kwata-kwata, ko kuma an yi dabarar ɗaure atin da nutural a bayan soket. Wannan dabarar tana zuba dattin wutar dukan layin a kan jikin kayanka, kuma ranar da nutural ta tsinke a hanya jikin kowace na'ura zai ɗauki wuta.

Magani na biyu shi ne balans, kuma ina kyautata zaton a nan matsalarka za ta ƙare. Wayar balans tana da waya biyu a murɗe cikin riga, sautin yana bin su biyun, rigar kuma kariya ce kawai. Na'urar da ke karɓa tana duba bambancin da ke tsakanin biyun ne, duk dattin da ya hau su daidai wa daida sai ta watsar. Duba wayoyin da ke tsakanin saun kad da sifikunka. Idan jak ɗin zobe baƙi ɗaya gare shi, ba balans ba ne. Mai zobe biyu ake nema, ko XLR mai ƙafa uku. Ka ce ka canza wayoyi, amma idan irin waɗanda ka cire ka sake sayowa, ba ka canza komai ba. Ka kuma kula, akwai wayoyin da kansu ɗaya XLR ne, ɗayan kuma jak mai zobe ɗaya. Waɗannan siffar balans kawai gare su. Haka ramin hedifon: yana karɓar jak mai zobe biyu, amma dama da hagu yake fitarwa, kada ka ciyar da sifika daga nan.

Fiyanon ya cancanci maganar kansa, don shi ne kashin bayan kiɗan situdiyoyinmu kuma shi ya fi kowa rufe zobe. Yawancin irin waɗanda ake amfani da su, su Yamaha PSR, mafitarsu ba balans ba ce. Sai ka jona sautinsa zuwa miksa ko saun kad, ka kuma jona shi da kwamfuta ta USB don MIDI, wato saƙon maɓallan da aka danna, ba sautin kansa ba. Zobe ya rufe tun ba a je bango ba: fiyano, USB, kwamfuta, saun kad, wayar sauti, a dawo fiyano. Tsiwar nan mai bin linzami galibi daga nan take. Idan fiyanonka da saun kad ɗinka suna da tsohon ramin MIDI mai ƙafa biyar, koma masa. Tun da aka tsara MIDI a 1983 aka shar'anta cewa mashigarsa da haske take karɓar saƙo a ciki, babu ƙarfen da ya ratsa daga wannan na'ura zuwa waccan, saboda wannan matsalar dai. Idan babu shi, sai a tsinka zoben ta ɓangaren sauti da akwatin DI mai taransifoma, ɗan akwatin da ke mayar da sauti marar balans ya koma balans. Fiyano ya shiga DI, DI ya fita ta XLR zuwa mashigar maik, ka danna maɓallin lif da ke jikinsa. Wannan maɓallin rigar wayar sauti yake rabawa, ba ya kusantar atin ɗin wuta, shi ya sa babu haɗari. Mai hanya biyu za ka nema idan kana ɗaukar dama da hagu. Kada ka tsaya a mafi arha: ƙaramar taransifoma tana cinye bes, tana kuma murguɗa shi idan sauti ya yi ƙarfi, kai kuwa bes da gangunan fiyano ne rabin kiɗanka.

Za ka ji ana tallar 'yar na'urar da ke raba atin ɗin USB. Tana aiki, amma karanta jikinta. Masu arhar suna tsayawa a gudun megabit 12 a daƙiƙa, saun kad da yawa kuwa 480 suke buƙata, kwamfuta ba za ta ma gan su ba. Ga MIDI ɗin fiyano ta wadatar.

To idan duk wayoyi balans ne kuma ƙugi bai tafi ba fa? Yana faruwa, kuma laifin masu ƙera na'urar ne. Ƙa'ida ita ce ƙafa ta 1 ta XLR, wadda rigar waya ke kai, a ɗaure ta da jikin akwatin na'urar a daidai bakin rami. Wasu kamfanoni sai su kai ta cikin allon lantarkin na'urar, wutar zoben ta ratsa tsakiyar inda ake sarrafa muryar. Wani injiniya mai suna Neil Muncy ne ya bayyana wannan dalla-dalla a 1995 a mujallar ƙungiyar injiniyoyin sauti ta AES, ƙungiyar kuma ta fitar da ƙa'idar AES48 a kai a 2005, amma har yau ana sayar da na'urori masu wannan ciwon. Dabarar ita ce a buɗe kan wayar balans ta ɓangaren da ke karɓa, wato wajen sifika, a cire rigar daga ƙafa ta 1, a bar ta a ɗaure ta ɓangaren saun kad. A naɗa wa wayar salatif mai launi don a gane ta. Kada a taɓa yin haka ga wayar maik: wutar bolt 48 da maik irin kondensa ke sha ta wannan ƙafar take komawa, kuma maik ba ya rufe zobe tunda ba shi da fulogin bango.

Batun janareta. Abu uku ne suka haɗu. Na farko, ƙananan janareta ba sa fitar da wuta mai santsi, tana zuwa da 'ya'yan sauti masu yawa, shi ya sa "huuum" ke komawa "zzzz" mai kaifi wanda kunne ya fi tsinta. Na biyu, wanda na fi zargi a shago irin naka, wayar da aka ja daga janareta zuwa canjoba galibi biyu ce, ba a kula da atin ba. Duk 'yar wutar da matatun na'urorinka ke zubarwa ta rasa hanyar komawa mai kyau, sai ta bi wayoyin sauti. In ka taɓa jin jikin kwamfuta yana ɗan tsikarinka a bayan hannu, alamar ke nan. Yadda za a haɗa atin da nutural a ɓangaren janareta aikin ƙwararren mai wuta ne, ya danganta da irin janaretan da irin canjoba, ba abin gwaje-gwaje ba ne. Na uku, sai injin ƙaramin janareta yana juyi 3000 a minti yake ba da 50 Hz cif, da maƙwabci ya kunna injin niƙa ko AC ta tashi sai juyin ya sauka, ƙugin ya sauka tare da shi. Idan da hali, a riƙa ɗaukar murya a kan inbata, amma mai fitar da tsaftatacciyar wuta da ake rubuta wa "pure sine wave" a jiki. Inbata mai arha da ke fitar da wuta mai matakala ta fi janareta ƙazanta a kunne. Sitabilaiza kuwa ƙarfin wuta kawai take daidaitawa, ba ta tsinka zobe, kuma taransifomarta tana fesa maganaɗisu. A nisanta ta da miksa da wayoyin sauti. Inda dole wayar sauti ta haɗu da ta wuta, su gitta juna, kada su jera.

Na san wani zai ba ka shawarar a haƙa rami a bayan shago, a kafa sabon ƙarfen atin da gishiri da gawayi, na situdiyo shi kaɗai, wai ƙasa ta shanye ƙarar. Ƙasa ba ta shan ƙara. Jirgin sama cike yake da na'urorin sauti kuma babu abin da ya haɗa shi da ƙasa. Abin da ke damunka bambanci ne tsakanin na'ura da na'ura, kuma ƙarfe na biyu da ba a haɗa shi da na ginin ba ƙara bambancin yake yi, ranar tsawa kuma wutar za ta iya ratsa kayanka daga wannan ƙarfe zuwa wancan. Ƙarfen atin mai kyau wajibi ne don kare rai, musamman da rani lokacin da ƙasarmu ke bushewa turjiyarta ta hau, amma duk ƙarafan ginin a haɗe za su kasance, da hanya ɗaya zuwa akwatin rabon wuta.

Saura waƙoƙin da ka riga ka ɗauka. A layin murya, yanke duk abin da ke ƙasa da 80 Hz zai kwashe tsinin 50 ba tare da ya taɓa muryar ba. Na 100 da 150 su ne masu wuya, don a nan kaurin muryar namiji yake zaune; sai da siraran yanka, kowanne a kan tsininsa, kana saurare kada muryar ta rame. Wanda aka ɗauka a kan janareta ba zai ji wannan ba tunda tsinin yawo yake, sai manhaja mai bin sawun ƙugin, irin De-hum na iZotope RX. Layin fiyano kuwa kada ka wahalar da kanka da tacewa: idan ka ajiye MIDI ɗin, bayan ka gyara wayoyi ka mayar masa da shi ya sake kaɗawa da kansa, ka ɗauki sautin sabo.